Layi Na Tara, Can Gefe

Daren ƙarshen shekara a Valparaíso,
rana ta nutse a teku, zafinta bai bi ta ba.
Na juye gwangwanin biskit a kan tebur:
tikiti arba'in da ɗaya, kowanne da abokin tafiyarsa,
nawa da na yayana Anselmo,
wanda ya shekara talatin yana sarrafa ƙugiyar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa
kafin ciwon suga ya hure masa fitilu biyu.

Duk Alhamis mukan gangaro daga kan tudu
cikin tsohon keken ƙarfen nan mai kukan gwiwar tsohuwa,
mu zauna layi na tara, can gefe,
inda raɗata ba za ta dami kowa ba.
Shi ke sayen gugguru.
Ni ke kawo idanu.

"To, Eulalia, jero su," in ji shi.

Na ce na uku, na direbar tankar nan
da ta bi ɓarayin ƙanenta har ƙasa huɗu.
Mota goma sha tara ta kife, ai na ƙirga maka.
Ya ce, "Sun yi ƙarya a wajen birki.
Abu mai nauyin nan ba ya tsayawa da wannan ƙara."
Kunnen Anselmo ba ya karɓar toshiya.

Na biyu, jarumin da ke tsayar da lokaci
muddin ya riƙe numfashinsa,
ga shi kuma Allah ya jarrabe shi da asma.
Da shaƙa ɗaya ya kwashe mutanen gada
kafin ta karye.
Kai ma ka riƙe naka, har ka yi shuɗi,
sai da na zungure ka da gwiwar hannu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na mutum-mutumin ƙarfen nan kuwa, kada ma a tayar.
Awa uku, ba gishiri,
sai rushe-rushen benaye kamar ba da kuɗi aka gina su ba.
Mun fito kunne na amo, ciki na ƙugi.

"Na ɗaya ni zan faɗa," ya ce,
yana laluben tikitin da yatsa kamar mai tsince shinkafa.
"Na watan Agusta, ranar da ruwa ya jiƙa mana takalma.
'Yar sama jannatin da ta dawo ita kaɗai
da ƙunshin iri a aljihun ƙirji.
Kin ce kumbonta ya sauka a ruwa lafiya,
ta buɗe ƙofa, iska ta taɓa mata gashi,
wani tsoho na jiranta a bakin gaɓa da hula a hannu."

Na yi shiru.
A allon, kumbon ƙonewa ya yi ƙurmus
tun bai keto gajimare ba.
Wata huɗu ina ɗauke da wannan kamar tsakuwa a takalmi.

"Anselmo..."

"Na sani," ya ce.
"Kiɗan jana'iza suka sa, Eulalia.
Matar da ke bayanmu ta ƙarar da hankicinta.
Makaho ne ni, ba kurma ba.
Amma naki ya fi nasu,
shi ya sa na ba shi na ɗaya."

Can ƙasa jiragen ruwa suka soma busa,
maƙwabta suka fito baranda da inabi a kofi.
Wasan wuta na farko ya fashe a kan teku,
gilashin taga ya amsa.

Ya jawo kujerarsa, ya karkato min kunnen hagu,
wanda ya fi ji.
"Wannan wane launi?"

Kore ne.
Na ce masa kore.