Zauren Baba Cindo

Bayan Ƙofar Kuyambana, in ka wuce mai facin keke,
akwai zauren da ba a biyan ko sisi.
Ka dai cire takalmi.

Baba Cindo ya bar aikin reluwe
da akwatin ƙarfe ɗaya da ciwon gwiwa,
sai ya shiga bin ƙauyuka, Dakace, Wuciciri, har gindin Kufena,
yana roƙon abin da aka yar a bayan rumbu.
Aka ce tsufa ne. Aka ce taɓuwa ce.
Shi dai ya ci gaba da kafa ƙusa a bango.

Ga akushin da miya ta yi wa zobe,
ga ƙoshiyar masaƙa, ta sha hannu har tana sheƙi,
ga ƙyastu, ga aci-balbal mai baƙin leɓe,
ga galma, uwar kunya,
da ƙotarta ta lotsa daidai inda tafin wani ya zauna shekara talatin.

Ba ya rubuta sunan kaya.
A bayan kwalin sukari, da biro mai tsallake,
sunan mai shi yake sawa:
na Jatau, ta Lantana, na Barau Gurgu.
Ya ce kaya ba sa mutuwa,
masu su ne ke bukatar a kira su.

Wani ya zo daga Abuja da mota mai sanyi,
ya taya randar ƙofa kuɗin Hajji.
Baba ya ɗebo masa ruwa a cikinta,
ya ce, sha, wannan kyauta ne.

Ran Laraba 'yan firamare suka cika zauren.
Wata ta ɗaga mazari, ta ce, alawar tsinke ce?
Dariya ta tashi.
Tsohuwar da ta rako su, Inna Tasalla,
ba ta yi dariya ba.
Ta karanta kwalin da yatsa, kamar mai laluben ƙaya,
ta ce, na yayata ne.
Ta tsinci auduga a ɓular matashi,
ta lashi yatsa don babu alli,
ta murza.

Ya yi tangaɗi. Ya faɗi.
Ta sake.
Sai ga zare, siriri, yana fitowa daga shekara hamsin.

Da magariba na ga ƙusa ɗaya babu komai,
kusa da taga, ƙasa-ƙasa.
Na ce, Baba, wannan fa?
Ya taɓa usur ɗin reluwe da ke wuyansa,
ya ce, da saura.
Ja mini ƙyauren, akuyar maƙwabta na son faifai.