Mai Karanta Ƙafar Keke

Rumfata buhu biyu ce da inuwar darbejiya,
a Gadon Ƙaya, daidai inda lungun masu keke
yake zubowa cikin babban titi
kamar ƙorama ta faɗa kogi.
Shekara ashirin da ɗaya ina nan.
Ban yi boko ba,
amma ina karanta ƙafar keke.

Kawo mini ita a lanƙwashe,
in faɗa maka wanda ya buge ta.
In ta naɗe kamar tabarma,
tifar yashi ce,
mai tsoron rana ta faɗi bai cika sawu biyar ba.
In kariya ce ta karkace,
ɗan adaidaita ne ya hango fasinja,
ya yanko hannu ba sigina, ba sallama.
In kuwa ƙurjewa ce a feda
da ɗigon farin fenti mai sheƙi,
to, mai rufaffen gilashi ne:
kunne a waya, ido a waya,
zuciya na Kantin Kwari,
ƙafa kaɗai aka bari tana tuƙi.

Wata shekara an zo da bokitin fenti,
an ja mana layi a kwalta,
an ce ga mahayarku.
Damina ɗaya ta lashe rabi.
Sauran, mai lemo ya kafa baro a kai.

Malam Sha'aibu mai koyar da lissafi
ba ya haye titi sai ya buga ƙararrawa sau biyu,
ya soke bakin wandonsa cikin safa,
ya jira danja ta ba shi hannu.
Ranar Talatar nan ma ya jira.
Ta ba shi.
Motar ce ba ta jira ba.
Littattafan yara arba'in suka tashi sama
kamar tattabarun da aka kaɗa,
jan bironsa ya gangaro har gindin famfona.
Yaron rumfata, Lurwanu, shi ya karanta mini
abin da ke rubuce a bayanta tana ƙulewa:
Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Malam yana nan, da sanda yake zuwa aji.
Keken na miƙar, tsinke bayan tsinke,
na shafa masa mai, na rataye shi a reshe.
Bai zo ɗauka ba.
In iska ta taso da yamma
ƙafar gaba takan juya ita kaɗai,
tana tafiyar da ba ta ƙarasa ba.

Kada ka ce ciniki nake roƙo.
Ni kuɗin faci ya ishe ni,
ƙusa ta huda, in liƙe, a ba ni na koko.
Kuɗin da ke zuwa da jini a sirdi
ba ya zama a aljihu.

Jiya dai na ga wani abu.
'Yan makaranta uku, keke biyu,
ƙaramar a zaune kan kariya ta rungume jaka,
sun tsaya a bakin kwalta, ƙafa ɗaya a ƙasa.
Wata mata a tsohuwar mota,
madubinta ɗaure da roba,
ta taka birki.
Ta zuro hannu ta taga, ta tare layin gefenta.
Oda ta ɓarke a baya,
wani ya leƙo yana ambaton iyayenta.
Ba ta waiwaya ba.
Ta riƙe titin nan da tafi ɗaya
har tayar ƙarshe ta hau tudu.

Numfashi nawa ne? Bai kai goma ba.
Babu wanda kasuwarsa ta tashi.
Ban san sunanta ba,
ba ta bar mini fenti a jikin feda ba
balle in karanta.

Na koma kan benci.
Lurwanu ya ce, Baba, yau ba aiki.
Na ce, miƙo mini goro.