Kare Ba Ya Rantsuwa

Mu goma sha biyu aka rufe a ɗaki ɗaya,
hawa na biyu, kotun Hull,
taga tana kallon kogi mai ruwan laka.
Shayi ya huce a kofunan takarda.
Kwana tara muna sauraron labarin Edie,
'yar shekara shida, mai giɓi a haƙoran gaba,
wadda ta tsallaka titi zuwa gidan ƙawarta ran Alhamis.
Yau wata goma sha huɗu.

Mai shagon kwana ya ce jar riga ce a jikinta.
Bayan mako biyu ya ce ruwan goro.
A gaban alƙali ya ɗora wa fitilar titi laifi.
Maƙwabciya ta ji an buga ƙofar mota ƙarfe biyar,
sai lauya ya tuna mata
ƙarfe biyar tana layin kemis da takardar magani a hannu.
Ta share ido, ta ce to shida ne.

Declan direban bas ya daki tebur:
"Wanda ya sauya magana sau uku maƙaryaci ne."
Misis Ogden ta zare tabarau.
"Wace irin riga na sa jiya?"
Ya buɗe baki.
Ya rufe.

Sai muka koma kan kare.
Bramble, mai kunnuwa kamar ganyen taba,
mun gan shi a bidiyo har sau biyar:
ya zaga motoci bakwai,
ya tsaya bayan motar Mista Thackray,
ya yi haushi, ya zauna.
An kwashe shimfiɗar but zuwa ɗakin gwaji.
Ba jini, ba gashi, ko silin zare.

"Kare ba shi da dangi a shari'ar nan," in ji Declan,
"ba ya cin hanci, da hancinsa yake ci."
Aka yi dariya, ta mutu da wuri.

Na ce a mayar da bidiyon baya.
Ku bar kallon karen, ku kalli mai shi.
Sauran motoci, taku biyu ya wuce.
A wannan, ya tsaya, ya ƙyasta yatsa,
ya kira, ya sake kira.
A Funtuwa mukan ce
in ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi,
amma ba wanda ya gaya mana
me za a yi in an nuna masa takalmin.
Ba ya rantsuwa.
Lauya ba zai tambaye shi warin yaushe ne ba,
na yarinya ne, ko naman da aka ɗauko daga kasuwa bara.

Shekara ashirin ina jinya a asibitin garin nan.
Na ga 'ya'ya uku a bakin gado ɗaya,
kowanne da kalmar ƙarshe da ya ji uwarsu ta faɗa,
kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Amma ban faɗa musu wannan ba:
idon Thackray bai kwanta mini ba tun ranar farko.
Zato zunubi ne ko ya zama gaskiya,
na sani, na maimaita a banɗaki,
ruwan famfo yana zuba a hannuna.

Uwar tana benci na biyu kullum,
da hular ulu ƙarama a cinya.
Duk abin da muka rubuta a takardar nan
ba zai ce mata ga inda take ba.

Ƙarfe huɗu aka ce mu dawo gobe.
Bakwai da biyar, ba mu matsa ba.

A bas, ruwa yana gangara a gilashi,
wata yarinya ta wuce riƙe da hannun babanta.
Jar riga.
Ta shiga ƙarƙashin fitila, ta koma ruwan goro.
Na juya in sake dubawa,
mun riga mun sha kwana.