Kakan Bar-su

Hansatu ta zo hutu daga Bauci
da littafi mai kaurin tubali.
Ta same ni a ƙofar gida, nan Mainamaji,
ina cire wa Bar-su kaska a kunne,
ina jiran a sauke abinci.

Ta ce, "Baba, ka san kakan karen nan?"
Na ce uwarsa dai na sani, 'yar Duguri ce,
haƙorin gadu ya farke ta a gabana.
Ubansa kuwa, sai ki tambayi dare.
Ta ce, "Can baya nake nufi. Kyarkeci."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ai na ga kyarkeci, sau ɗaya, ina saurayi,
a bakin Gaji, garke guda,
kunnuwa kamar faifai, jiki dabbare-dabbare.
Gada na tsaye da ranta suka fara cin ta,
babu yanka, babu mutunci.

Ta ce ba shi ba.
Wani ne can inda ruwa ke sandarewa,
mai launin toka, mai kuka baki a sama.
Bahaushe bai taɓa ganin sa ba,
sai ya ara masa sunan na dajinmu,
yadda ake ba baƙo rigar maigida.
"Naka na Gaji dangin nesa ne,
dila ma ya fi shi kusa a zumunci."

Wai sun ɗebi jinin wannan da na wancan,
sun karanta rubutun da ke ciki
kamar mai duba allo biyu,
layi bisa layi, da ƙyar aka ga bambanci.

Ta buɗe shafi, ta ɗora yatsa.
Suna mai gaɓa uku, harshena ya ƙi ɗauka.
Biyun farko na kakan ne, in ji ta,
na ukun kawai ke cewa "na gida".
Haka aka yi masa zanen suna da Latinanci.

Ni da na raɗa masa Bar-su
ban yanka rago ba, ban duba littafi ba.
Maƙwabcina Ɗanlasan ne ya ci min iyakar gona,
na rasa bakin faɗa,
sai nake kiran kare da asuba, da ƙarfi.
Shekara tara ke nan yana amsa habaici.

Da dare ya raba na kasa barci.
Na ga ya zaga sau uku a kan buhu
kamar mai kwantar da ciyawar da babu,
sannan ya naɗe a makwanci.
Wa ya koya masa? Ba ni ba.

Na tuna wani, tun kafin a san ƙarfe,
ya jefa ƙashi bayan wuta,
wani abu mai ido biyu ya matso.
Ban san wanda ya fara amincewa ba.
Yunwa ce, ko maraici?

Sai na dubi kakin da na rataye a ƙusa.
Bindigata na miƙa shekara ashirin,
yanzu ƙofar daji nake gadi, ana ba ni a wata.
Na ce, Bar-su, matso nan.
Ni ma an ƙara min gaɓa ta uku,
amma in iska ta kaɗo daga Gaji
hancina bai manta ba ni mafarauci ne,
kai kuma jikan kyarkeci.