Kafin Mu Hau Tudun Don Evaristo

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso,
fitilun tashar jiragen ruwa na rawa a kan teku,
ni da Lautaro a ɗakin da muka kama
saman shagon mai gyaran takalma.
Shayi ya huce. Takarda ta cika da lissafi.
Gobe da hantsi aka ce mu je.

Mala'ika suke ce wa irinsa a garin nan.
Na gan shi sau ɗaya, tsoho ne mai sanƙo,
babu fiffike, sai alƙalami a aljihu.
Da dakon kaya ya tara abin da ya tara,
yanzu rabo yake saye a mafarkin yara.
Kuɗin nasa ne, ba na banki ba,
shi ya sa idonsa ya fi na banki kaifi.

Abin da muka ƙera ba shi da girma.
Manhaja ce a waya: masunci yana tsakiyar ruwa
zai rubuta abin da koma ta kamo,
mai gidan abinci ya saye
kafin kwalekwale ya taɓa yashi.

Lautaro ya ce, "Ximena, mun isa.
Masunta ashirin da uku suna aiki da ita."
Na ce, "Nawa ne suka biya?"
Ya ɗaga kai yana ƙirga tsagar rufi.
Huɗu ne.
Cikin huɗun akwai kawuna Nicanor,
wanda ko ruwan teku na ƙulla masa a leda
zai saya, don ni 'yar ƙanwarsa ce.

Na ce, "In ya tambayi me za mu yi da kuɗin?"
Ya ce, "Ofis. Ma'aikata. Talla."
Wannan ba amsa ba ce, yunwa ce ta sa riga.
Ran da guguwar watan Yuni ta taso
kwana uku manhajar tana barci,
Doña Clorinda ta koma wajen dillalinta
har yau ba ta ɗaga wayarmu ba.
Kuma ni da kai, wa ke da nawa?
Da baki muka raba, a kan matakala.
In ya ce kashi talatin nasa,
daga naman wa za a yanka?

Ya yi shiru, sannan ya fashe.
"Babur ɗina na sayar, kin manta?
Kuɗin haya saura wata biyu.
Wasu a Santiago sun fara irin namu.
Ke kina jiran teku ya daina motsi
kafin ki tsoma ƙafa."

Bai yi ƙarya ba, shi ne abin da ya fi ciwo.
Tsoro ma yakan ari muryar hankali,
na san haka, na sha jin nawa yana yi.
Amma wanda ya ci ladan kuturu
dole ya yi masa aski,
kuma ƙofar tsohon nan sau ɗaya take buɗewa da fara'a.
In muka shiga da huɗu muna kiransu ashirin,
kifi na ganinka, mai jar koma.

Da asuba na rubuta saƙon, hannuna na rawa:
a yi mana uzuri, a ba mu wata uku,
za mu zo da rasit maimakon labari.
Na tura. Lautaro bai kalle ni ba.

Muka gangara bakin ruwa, ba mai magana.
Tsuntsayen teku na faɗa kan kayan cikin kifi.
Wani masunci, Eleuterio, ya tare mu,
ya miƙo waya duk ɓawon kifi,
ya ce, "Madannan nan naku sun yi ƙanana,
jiƙaƙƙen yatsa ba ya samunsu."

Lautaro ya lalubi takarda, babu.
Ya rubuta a tafin hannunsa.
Wayata tana aljihu, har yanzu ba ta yi ƙara ba.