Farin Wake

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da mabuɗin madatsar ruwa
a ƙauyenmu, can saman tsibirin Naksos,
inda idon ruwa ke tsatsowa siriri kamar zaren ɗinki,
gonaki goma sha tara na jiransa baki buɗe.

Kakana Sifis ya riƙe shi tun zamanin sarki.
Ya ce a lokacin ba a tambaya:
gonar mai gari ta sha ta ƙoshi,
ta limamin coci ta biyo baya,
saura su lashi abin da ya rage a kwata.
Duk da haka bai taɓa zagin sarki ba.
Ya kan nuna tsaunin da ke bayan gari ya ce,
"Ba kai ka dasa shi ba, ba ka iya ture shi,
inuwarsa na cinye maka rabin rana,
amma in ka ɓace a teku, shi za ka hanga ka dawo gida."

Sai wata safiya rediyo ya tashi da kiɗan soja.
Mabuɗi na hannun ubana.
Aka aiko takarda mai hatimi,
kowace gona minti arba'in, ba daɗi ba ragi.
Tsari ya yi kyau, kamar haƙoran matacci.
Haralambos ya yi suɓutar baki a shagon gahawa,
sunansa ya zame daga jerin,
tumatirinsa ya ƙone a tsaye,
kuma ba wanda ya ga komai.
Har ubana, wanda ke wucewa ta gefen gonar sau biyu a rana.

Ranar da aka tambayi ƙasa ko sarki ya dawo,
uwata Argiro ta ɗaura baƙin ɗankwalinta na zuwa coci.
Har ta koma ga Mahalicci ba ta faɗi abin da ta jefa ba.
Ta dai ce, tana cire takalmi,
"Yau an tambaye ni wani abu
ban da me za a ci da dare."

Daga nan muka koyi taro, muka koyi ɗaga hannu,
muka koyi cewa mai babbar murya
yakan sha ruwa kafin mai gaskiya.

Bara 'yata Fotini ta dawo daga makaranta a Atina.
Ta same ni ina shafa wa mabuɗi man zaitun.
Ta ce, "Baba, wa ya zaɓe ka?
Kaka, uba, ɗa. Wannan ai gadon sarauta ne, rawani kawai babu."
Na yi dariya. Daren nan ban runtsa ba.

Ita ta gaya mana mutanen da, a birnin can,
da wake suke fitar da wasu masu muƙami.
Muka zuba baƙi goma sha takwas a tulu, fari ɗaya.
Kowa ya cusa hannu har gwiwa.
Farin ya faɗa wa Stratis, jikan Haralambos,
yaron da rana ke tayarwa, ba zakara ba.

Ruwa yanzu yakan makara.
Ran Talata ya manta da gonar gwauruwa Kaliopi,
ta bi shi da sanda har bakin coci,
ya ba ta haƙuri a gaban kowa, ya ƙara mata awa guda.
A zamanin kakana, wa za ta bi?

Wasu na zuwa mini da dare, suna raɗa:
"Karɓi abinka, kai ka san ruwan nan."
Gaskiya ne, na san shi.
Har yau asuba na yi, hannuna na lalube aljihu.
Sai in zauna a bakin gado ina saurare,
ko yaron ya tashi.