Mai Wankin Tarago

Ni ce Keziah Threlfall, mai wankin tarago
a tashar da ke bayan masaƙun Preston.
Kafin gari ya waye nake shiga da bokiti da tsumma
in kwashe abin da dare ya bari:
tokar lofe, ɓawon lemo, jaridar jiya,
wani sa'in safar hannu guda, marainiya.

Ran wata Talata, a ɗakin masu hannu da shuni,
na goga matashin kujera, tsumma ya dawo ja.
Ga hula an take.
Ga sarƙar agogo an tsinke, agogon ya bi dare.
Mai hular aka tsinta a gefen dogo, mil biyu baya,
akawun banki, Mista Ollerenshaw,
yayyafi na sauka masa a ido, bai ƙifta ba.

Ɗakunan nan ba ƙofa tsakaninsu.
Ka yi ihu, ƙarar ƙarfe ta haɗiye,
maƙwabcinka na gyangyaɗi, katako ɗaya ya raba ku.

Sai gari ya ɗauka.
Jaridu suka yi ta kuka da baƙin tawada,
attajirai suka sayi sanduna masu kan dalma,
kowa na kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido.
Can London manya suka zauna, suka tashi,
aka ce a rataya igiya a kowane jirgi:
wanda aka shaƙe ya ja, ƙararrawa ta yi magana.

Madalla.
Amma shekara tara ke nan da ramin dutse ya rufta
a kan mijina Jabez da mutum goma sha ɗaya,
suna haƙa wa wannan jirgin hanya.
Kwana biyu ana jin bugun shebur daga ciki,
ran na uku shiru.
Ba wanda ya zauna, ba wanda ya tashi.
Kamfani ya ba ni buhun gawayi da wannan bokiti.

An kama wani saurayi da agogon a shagon jingina.
Ko shi ne, ko ba shi ba, ban ga hannunsa ba.
Ranar da za a rataye shi kamfani ya karya kuɗin tikiti,
mutuwar wani tashin wani,
jirgi uku cike maƙil da 'yan kallo.
Ni na wanke su da daddare:
giya, amai, takalmin yaro ƙafa ɗaya.

Ɗana Enoch yana haɗa taragai,
yatsu takwas suka rage masa.
Ran Lahadi ya dawo daga taron fili, murya ta dishe,
ya ce, Inna, ƙuri'a ta kusa,
duk mai biyan hayar gida zai faɗi nasa.
Na ce, da baki, a gaban wanda ke biyanka?
Bayan ɗan takara ya cika maka kofi?
Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.
Ya ce, sannu sannu, Inna.
Na ce, hayar nan wa ke biyanta?
Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Yau an ɗaura sabuwar igiyar.
Tana nan saman taga, tana ƙamshin kwalta.
An rubuta tarar mai ja ba dalili,
ladan wata biyu na gwiwoyina.

Na leƙa. Tasha ba kowa,
inji ya huce, direba na gida yana barci.
Na aje tsumma, na goge hannu a gaban riga,
na ja.

Can gaba, cikin duhu,
ta kaɗa sau ɗaya.
Na tsaya ina jira, ruwa na ɗiga daga bokiti.